Sunan da Aka Hana 'Yar Bakwaini

Ranar Talata, goma sha uku ga watan Agusta, da hantsi, aka fara wannan zalunci a Gidan Maƙera na Kwarin Gawo. A riƙe ranar da kyau, domin yanzu akwai masu cewa ba su tuna lokacin da aka yi maganar ba, wasu ma na cewa ba a yi ta ba. An yi ta. A ƙofar gida aka yi ta, a bakin maƙera, da murya mai ƙarfi, har wadda ke kwance cikin jini a ɗaki ta ji da kunnenta.

Wadda ke kwancen ita ce Barira, matar Sallau, autan gidan. Cikin fari ne, watansa bakwai. Ana shirin kai ta goyon ciki gidan iyayenta, har an ɗaure kaya, sai naƙuda ta riga kowa shiri. Marka ce ta sauka a makon, ruwa ba ya ɗaukewa, bango duk ya jiƙe, sanyi ya shiga ɗakuna. A cikin wannan hali ta haifi mace, ƙanƙanuwa ƙwarai, tafin hannu biyu ya ɗauke ta, ana ganin jijiyoyinta ta cikin fata.

Sai an san gidan kafin a gane nauyin abin da ya biyo baya. Uwar gidan, Hajiya Saudatu, ta daɗe da rasuwa. Ita ta riƙe 'ya'yanta bayan mutuwar ubansu, ta hana maƙera mutuwa, ta aurar da manyan ɗaya bayan ɗaya. Ranar sadakar arba'in ɗinta 'ya'yan suka yi alkawari a gaban dangi cewa mace ta farko da za a haifa a gidan, ko daga wane ɗaki ta fito, ita za ta ci sunan Hajiya. Sai Allah ya yi ta kawo maza. Wannan ɗaki namiji, wancan ɗaki namiji, shekara da shekaru. Duk mai ciki a gidan sai an tsokane ta: "Ko ke ce za ki dawo mana da Hajiya?" Barira ma an tsokane ta, tana rufe fuska da gyale tana dariya.

Babban wan gidan shi ne Malam Haladu. Shi ke riƙe da maƙera, shi ke riƙe da gida, kuma shi ke yi wa duk jaririn da aka haifa huɗuba, wato ya yi masa kiran salla a kunne ya raɗa masa sunansa, kafin a bayyana wa duniya ranar bakwai. Saboda haka Sallau ya fita wurinsa, ƙafa ba takalmi.

"Yaya, an sauka. Mace ce."

Malam Haladu bai ajiye guduma ba. Ya ce, "Wata nawa?"

"Bakwai, Yaya. Amma tana da rai. A zo a yi mata huɗuba, tunda sunan Hajiya ne."

"Sunan wa?" Nan ne ya ajiye gudumar. "Sallau, na binne uwata sau ɗaya, ba zan sake binne ta ba. Kada a ɓata suna. Yau Talata, ku ce mata Talatu, ya ishe ta ɗan kwanan da za ta yi. Sunan Hajiya a ajiye wa mai zama."

Akwai mutane a bakin maƙera, masu jiran a gyara musu fartanya, sun fake wa ruwa. Duk sun ji. Duk kuma sun san cewa matar babban ɗan Malam Haladu tana da tsohon ciki a lokacin. Sallau ya koma ciki, ya kai bakinsa kunnen 'yarsa, ya yi mata kiran salla da kansa, da ya zo wurin suna sai ya yi shiru. Bai iya tsallake maganar wansa ba, bai kuma iya faɗin Talatu ba.

Barira tana jin duk wannan. Jini bai tsaya mata ba, idonta na rufewa yana buɗewa. Gulbi ya cika ya rufe hanya, sai a kan ƙyauren ɗaki aka kwantar da ita, maza suka ɗauka suka ƙetare da ita zuwa inda mota ke tsayawa don a kai ta asibiti, uwarta da ta zo tafiya da ita na biye. Jaririya kuwa ba ta fituwa cikin wannan ruwa da iska. Aka bar ta a gida, babu uwa, babu nono, babu suna, kuma mai gidan ya riga ya yanke mata hukunci.

To, ga yadda aka yi ta zauna. Mata uku ne, kuma Barira ba ta ga aikin ko ɗaya daga farkonsa ba. Daga baya ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta ji, ta kuma tambayi waɗanda suka gani.

Ta farko ita ce Gwaggo Hansatu, maƙwabciya, tsohuwa mai kiwon awaki. Ta yi aure har uku, ba ta taɓa haihuwa ba, yanzu ita kaɗai take zaune da dabbobinta. Nata aikin ya riga maganar Malam Haladu ma. Lokacin da jaririyar ta faɗo ba ta yi kuka ba, ba ta motsa ba, jikinta ya yi shuɗi. Ungozoma ta duba ta ce, "Wannan ta koma," ta ajiye ta gefen tabarma ta rufa mata zane, ta juya kan uwar. Gwaggo Hansatu ta shigo ne kawai don ta ji hayaniya. Ta ɗaga zanen, ta sa hannu ta ɗauka. Ungozoma ta ce, "Hansatu, ajiye, kada ki ja wa kanki magana." Kowa a ɗakin ya fahimci abin da ake nufi. Tsohuwar da ba ta da ɗa, idan jariri ya mutu a hannunta, an san sunan da ake ba ta a ƙauye, kuma an taɓa raɗa shi a bayanta. Ta ce, "In ta mutu ku ce ni na cinye ta, ba yau kuka fara ba." Ta kafa bakinta a hanci da bakin jaririyar, ta tsotse majinar da ta toshe su, ta tofar, ta kifa ta a hannu tana murza bayanta da gefen zane mai kaushi, kamar yadda take yi wa ɗan akuyan da ya fito a sume. Ta hura mata iska, ta sake murzawa, ta sake hurawa. Matan ɗakin suna ta ce mata ta bari, gawa ba ta son wahala. Ba ta bari ba. Can sai aka ji wani ɗan kuka siriri kamar na ɗan kyanwa. Da Gwaggo Hansatu ta ji tsoron bakin mutane, da kafin azahar an haƙa ɗan rami a bayan gida, da babu sauran labari.

Ta biyu ita ce Sa'ade, kuma a lura da ko 'yar wane ce: 'yar Malam Haladu ce ta cikinsa. Aurenta ya mutu, ta dawo gidan ubanta tana zawarci. Bayan an tafi da Barira, aka naɗe jaririyar cikin tsummoki, amma kafin la'asar ƙafafunta sun yi sanyi kamar randa. Aka kawo garwashi a kasko, hayaƙi ya shaƙe ta, aka fitar. Sa'ade ta kwance rigarta, ta manna jaririyar a ƙirjinta, fata da fata, ta ɗaure da zane, ta rufa mayafi a kai. Jikin ya ɗumama. Da ta sauke ta don ta yi alwala, sai sanyin ya dawo. Daga nan ta gane cewa babu saukewa. A zaune take barci, ta jingina da bango, don kada ta danne ta. A zaune take salla. Ƙuraje suka feso mata a ƙirji, bayanta ya riƙe, ƙafafunta suka kumbura. Ubanta ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ke kin fi ni sani ke nan? Kin ɗaura abin da ba zai zauna ba a ƙirji, wane namiji zai zo zawarcinki?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, tana numfashi." Tun daga ranar ya daina amsa gaisuwarta. Akwai wani mai shagon ɗinki da ke nemanta da gaske, har manya sun fara shiga maganar. Ya yi sallama ya gaji, kullum a ce masa ba za ta iya fitowa ba, uban kuma bai ba shi haƙuri ba. Ya nemi wata. Sa'ade ta ji labarin ɗaurin aurensa tana zaune da 'yar a ƙirji, ba ta kwance zanen ba. Makonni ta yi a haka. Da ta bi maganar ubanta, da numfashin da Gwaggo Hansatu ta dawo da shi sanyi ya ɗauke shi tun a kwana na farko.

Ta uku ita ce Kubura, matar wani mahauci da ke bayan gidan, kuma ita da Barira ba sa ga-maciji. Rigimar magudanar ruwa ce. Ruwan wanke-wanken Kubura yana bi ta gindin katangar Barira yana cin ta, aka yi cacar baki, aka kai ga gori, daga nan ko a gidan biki suka haɗu kowa sai ta kau da kai. To, jaririya tana da ɗumi amma babu abinci. An gwada ruwan dabino, an gwada madarar akuya, duk ta amayar. Matan gidan babu mai shayarwa a lokacin. Kubura tana goyon ɗa namiji. Sai ga ta ta shigo, zane a ɗage saboda taɓo, ba ta gaisa da kowa ba, ta ce, "Ina 'yar? Kuma ku sani, ba don uwarta na zo ba." Aka sa mata ita, bakin bai da ƙarfin kamawa. Kubura ta ce a ba ta ƙaramin kofi da cokali. Ta tatsa, ta riƙa ɗiga mata da bakin cokali, ɗigo ɗaya sai a jira ta haɗiye. Cikin bakwaini ba ya ɗaukar da yawa, kuma ba ya jira, saboda haka Kubura ta zama kullum tana hanya tsakanin gida biyu, cikin ruwa, ta bar tukunya a wuta, ta bar wanki a jiƙe. Uwar mijinta ta tare ta ta ce, "Kin san abin da kike yi? Nono zumunci ne. Kin mai da ɗanmu wan 'yar maƙera har abada, ba ki tambayi kowa ba." Ta ce, "Inna, in na tsaya tambaya sai dai in tambaya a kan kabari." Ɗan nata kumatunsa suka zube, dole aka fara ba shi kunu tun lokaci bai yi ba, mijinta ya yi mata faɗa har maƙwabta suka ji. Da Kubura ta riƙe gabarta, da ɗumin Sa'ade bai hana yunwa aikinta ba.

Ranar bakwai ta zo ta wuce. Babu rago, babu goro, babu taro. Wanzami ya zo da zabirarsa da sassafe don askin suna, aka mayar da shi daga ƙofa. Barira tana gadon asibiti ta tambayi uwarta, "Inna, an yi suna?" Uwar ta juya ta shiga gyara kwanukan abinci. A asibitin ne kuma aka gaya mata cewa mahaifarta ta sha wuya, kada ta sa rai da wata haihuwa, sai dai abin da Allah ya yi. A riƙe wannan ma, don masu cewa ai sai a raba sunayen ga 'ya'yan da za su biyo baya.

Da ta dawo gida, da ƙyar take takawa. Ta ɗaga labule, ta ga Sa'ade a jingine da bango ta rame, ta ga wani ɗan kai yana leƙowa daga ƙirjinta, ta ga abokiyar gabarta a durƙushe da cokali. Ta buɗe baki ta ce, "Kubura..."

Kubura ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kada ki gode mini. Ruwana har gobe ta nan zai bi. Zauna ki sha kunun kanwa, nononki ya kawo, na gaji da sintiri."

Sa'ade ta ce, "Sannu da dawowa, matar Baffa. Zo ki ga mai gidan, ta hana ni kwanciya."

Mata masu zuwa barka suna cewa, "Ina Talatu?" Barira takan ce, "Wannan rana ce, ba suna ba. Ko akuyar da aka haifa ranar tana da shi." Aka koma cewa "'yar nan". Yarinya tana ƙara nauyi, ta fara kama nono, ta buɗe ido, fata ta cika, kukanta ya fara kai wa zaure, amma sunanta 'yar nan.

Ana cikin haka matar ɗan Malam Haladu ta haihu. Namiji. Ranar bakwai aka yanka rago, aka raba goro, maroƙa suka cika ƙofar gida. Bayan kwana biyu Malam Haladu ya shigo cikin gida, ya tarar an shimfiɗa 'yar nan a tabarma tana shan hantsi. Wannan ne karo na farko da ya tsaya ya dube ta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ikon Allah! Goshin Hajiya ne sak." Ya fita ya aika a sayo rago, ya ce ranar Juma'a za a yi suna. Bai ce wa Barira komai ba. Bai ce wa Sa'ade komai ba. Ƙanensa Sallau kaɗai ya gaya wa.

Sallau ya shigo ɗaki fuska a sake. "Yaya ya sauko. Jibi suna. Hajiya ta dawo."

Barira ta ce, "Sunan da aka ajiye wa mai zama?"

"Ai ga shi ta zauna."

"Wa ya zaunar da ita?"

Ya ce, "Barira, 'yar fari ce fa. Ba a jin bakin uwa a kan 'yar fari. Ko ni kunya ta hana ni magana, balle ke. Za a ce ba ki da ta-ido."

"Kunya na yi ran Talata, kai ma ita ka yi. Ka ga abin da ta jawo mana. Da namiji bai fito a wancan ɗaki ba, da yau wa ke da sunan? Ba na ƙin Hajiya, Allah ya ji ƙanta. Amma 'yata ba za ta ci ragowar suna ba."

Sallau ya ɗauka zafin jego ne, zai wuce.

Ranar Juma'a da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Liman ya zo, dattawa suka zauna, aka ajiye faifan goro da dabino, rago na ɗaure a jikin turke, mahauci na wasa wuƙa, kuma mahaucin mijin Kubura ne. Malam Haladu ya matsa kusa da Liman zai raɗa masa suna. Sai aka ji murya daga cikin zaure.

"Allah ya gafarta Malam, a dakata."

Barira ce, cikin dogon hijabi, 'yar a kafaɗa. Ba ta fito fili ba, ba ta kuma koma ba, ta tsaya daidai bakin ƙofa. Kowa ya juyo. Mai jego, a kan 'yar fari, a gaban maza. Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi."

Malam Haladu ya ce, "Sallau, shigar da iyalinka."

Barira ta ce, "Yaya, da girmanka, a nan ka yi magana, shi ya sa na zo nan. Ka ce kada a ɓata suna. To, ba a ɓata ba, yana nan inda ka ajiye shi, ka ci gaba da ajiya. Ranar da take bukatar a ce ita mutum ce, ka hana. Waɗanda suka ce ita mutum ce su uku ne, Gwaggo Hansatu da Sa'ade da Kubura. A cikinsu za a yi takwara, ko kuwa a mayar da ragon."

Malam Haladu ya miƙe tsaye. Ya ce, "Jama'a, ku ji! Ni da na sa jarirai nawa a rami da hannuna? Laifi ne don na ji tsoron a kira sunan uwata a kan kabari? Alkawari muka yi, yau na zo cikawa, matar ƙanena ta tsaya a zauren ubana tana gaya mini magana!"

A yi masa adalci, tsoron nasa ba ƙarya ba ne, ya binne 'ya'ya. Amma mai jin tsoro yakan shiga ya duba. Mai jin tsoro ba ya daina amsa gaisuwar 'yarsa don ta ɗumama jaririya, ba ya korar wanzami, ba ya jira sai ya ga abin da surukarsa ta haifa kafin ya ga goshin uwarsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san bambancin yaron da ya yi kuskure da wanda ya leƙa amsa sannan ya ce dama abin da yake nufi ke nan. Alkawarin bai ce mace ta farko mai ƙiba ba. Cewa ya yi mace ta farko. Wanda ya karya shi, ranar Talata ya karya shi.

Liman mutum ne mai natsuwa. Ya ce, "Malam Haladu, zauna. Suna haƙƙin uba ne. Ina uban yarinya?"

Sallau yana can gefe, kai a ƙasa. Ya dubi wansa, wanda ya goya shi, ya koya masa riƙon guduma, ya yi masa aure. Ya dubi zaure. Da ya yi magana muryarsa ba ta fita sosai, sai da Liman ya ce ya maimaita. Ya ce, "Na kai bakina kunnenta na kasa faɗin suna. Ba zan sake ba. Abin da uwarta ta faɗa shi ne nawa."

Liman ya ce, "To, wace ce a cikin ukun?"

Nan magana ta tsaya. Barira ta zo da ƙarfinta duka don ta ƙi, ba ta zo da zaɓi ba. Duk wadda ta ɗauko a zuciyarta sai sauran biyun su tsaya mata a gaba. Wani ya ce a haɗa sunayen uku. Liman ya ce rago ɗaya ne, yarinya ɗaya ce, kuma takwarar da aka raba uku ba a yi wa kowa ba.

Aka aika ciki a ji ta bakin matan, ko wata za ta janye. Babu wadda ta janye, kuma babu dalilin da zai sa ta janye. Gwaggo Hansatu ta ce, "Ni ban iya ƙarya ba, ina so. Na tsufa, ba wanda zai kira sunana bayan raina. Ko akuya ban taɓa jin an sa wa Hansatu ba." Sa'ade ta ce, "Duk abin da aka yi daidai ne, amma ni na san bugun zuciyarta fiye da uwarta, kuma ni ce har yau ubana ba ya amsa mini." Kubura ta ce, "Ni ban yi don takwara ba. Amma naman jikinta nonona ne, in an sa sunan wata a gaya mini dalili."

Masu goyon bayan Gwaggo Hansatu suka ce ita ce farko, da babu ita babu abin da za a ɗumama ko a shayar, kuma ta sa mutuncinta a kan abin da kowa ya ce gawa ne. Aka ce musu nata aikin bai kai tsawon dahuwar shinkafa ba. Masu goyon bayan Sa'ade suka ce ita ta fi daɗewa a cikin wahala, ta rasa miji, ta rasa fuskar uba. Aka ce musu jininta ce, ƙanwarta ce, wanda ya yi wa nasa bai kai wanda ya yi wa bare ba, kuma in an sa Sa'adatu sunan ya koma ɗakin mutumin da ya hana. Masu goyon bayan Kubura suka ce ita ce babu abin da ya wajabta mata, ta tsallake gaba, ta rage wa ɗanta ta ba 'yar abokiyar faɗanta. Aka ce musu ai ita ta riga ta samu rabonta, shari'a ta ba ta matsayin uwa, wanda ya fi takwara. Rana ta take, goro ya ƙare a faifai ba a yi fatiha ba, mijin Kubura ya mayar da wuƙarsa kube.

Kafin a watse Barira ta ƙara magana ɗaya. Ta ce duk wadda jama'a suka zaɓa ita da mijinta sun karɓa, amma ba za a sa wa rago wuƙa ba sai Yaya ya ba da haƙuri a wannan ƙofa.

Malam Haladu ya ce, "Ni? In ba matar ƙanena haƙuri a gaban mutane?"

Ta ce, "Ba ni ba, Yaya. Ita." Ta juyo da fuskar jaririyar wajen taron.

Ya kaɗa rigarsa ya shige maƙera. Har yau bai fito da maganar ba. Yana aiko da manya a ce a rufa asiri, a yi abin a cikin gida, ya shiga ɗaki ya sa wa yarinya albarka shi ke nan. A'a. Ba a ɗaki ya hana ta suna ba. Abin da ake bin sa a fili yake, kuma ba mai yawa ba ne. Ya tsaya a bakin maƙerarsa da rana, a gaban Liman da mutanen da suka ji shi, ya ce da bakinsa ya yi wa yarinyar nan laifi, ya yanke mata kwana alhali ba shi ke rabawa ba. Ya nemi afuwar Gwaggo Hansatu da Kubura, waɗanda suka yi aikin gidansa bai ce musu sannu ba. Ya kira Sa'ade a gaban kowa ya amsa gaisuwarta. Girmansa ba zai ragu da wannan ba, kuma ko zai ragu, bashi ne, sai ya biya.

Wannan nasa ne, babu gardama a kansa. Gardamar taku ce, jama'a, domin yarinya ta fara murmushi, ta fara juyowa in an yi magana, kuma ba ta da abin da za ta amsa. Ga wadda ta dawo mata da numfashi, ga wadda ta ba ta ɗumin jikinta, ga wadda ta ba ta nononta. Ranar da Malam Haladu ya sauke nauyin da ke kansa, Liman ya waiwayo ya ce a faɗi suna, wace ce a cikin ukun nan ta fi cancanta a kira yarinyar da sunanta?